Fanisau: Gandun Sarki da Ginin Ƙasa a Karkarar Kano

Fanisau gari ne a ƙaramar hukumar Ungogo, arewa da birnin Kano, daura da filin jirgin saman Malam Aminu Kano. Yawancin mutanen cikin badala sun san shi ne da Hawan Fanisau, ɗaya daga cikin hawan Sallar Sarkin Kano, amma ba kowa ya san dalilin da ya sa sarki ya mallaki gida a wannan ƙauye ba.

Asalin lamarin yana zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya mulki Kano daga 1819 zuwa 1846. Farkon sarautarsa ya cika da bore, mafi tsanani shi ne na Ɗan Tunku, wanda ya addabi arewacin ƙasar Kano kafin ya kafu a Kazaure. Dabo ya mayar da Fanisau ribaɗi, wato sansani mai ganuwa da ke tsare hanyar shiga birni. A can Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iske shi a watan Janairun 1824. Da ƙura ta lafa, sansanin ya zama gandu, inda ake noma dawa da gero domin ciyar da fada. Bayi ne suka yi mafi yawan wannan noma, abin da ba a cika faɗa ba ranar hawa, ko da yake masanin tarihi Mohammed Bashir Salau ya wallafa littafi a kansa a 2011.

Noman irin wannan karkara ya dogara da birni. Jakuna na fita da takin gidaje zuwa gonaki, su komo da hatsi da itace, shi ya sa ake nome gona ɗaya kowace damina ba tare da an bar ta ta huta ba.

Ginin yankin kuwa iri biyu ne, kuma da ganin rufin gida akan gane matsayin mai shi. Talaka yakan yi ɗaki zagayayye na ƙasa, ya ɗora masa jinka ta ciyawa, ya kewaye gida da dangar kara. Mai hali, da malami, da bawan sarki mai muƙami, su ke yin soro irin na birni. Akan haƙo jar ƙasa a kusa, a cuɗa ta da ruwa da ciyawa, a mulmula tubali da hannu, a shanya. Ramin da aka bari shi ke zama kududdufi. Katanga takan yi kauri daga tushe, tana sirancewa zuwa sama, har ta ƙare da zankwaye a kusurwoyi. Rufi na azara ne, wato tsagin giginya, domin gara ba ta cika cin ta ba. Sai dai azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazara ta yi yawa, don haka magina suka ƙware a bakan gizo da daurin guga, waɗanda ke ba zaure faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Wannan ita ce ƙololuwar fasahar magina Hausawa, kuma a gidajen sarauta da masallatai aka fi samunta.

Babban abokin gabar soro shi ne ruwan sama. Indararo ke fitar da shi daga rufi, makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa ke tsare jikin katanga, akan kuma haɗa da katsi, wato ragowar ƙasan karofin marina. Duk da haka sai an sabunta yaɓe kafin damina, in ba haka ba gini ya zaizaye.

A wurin manomi, rumbu ya fi zaure muhimmanci. Akan ɗora shi kan duwatsu saboda laima da ɓera, a rufe bakinsa da 'yar jinka, hatsi ya shekara a ciki lafiya.

Zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa suka kawo kuɗi da kwanon rufi ƙauyuka, daga baya siminti da bulo suka biyo. Ba a zargin wanda ya gaji da yaɓe duk shekara, amma duk wanda ya kwana a ɗakin kwano cikin watan Afrilu ya san abin da aka rasa. Yau birni ya riga ya cim ma Ungogo. Gonaki na komawa filotai, dillalai na yanka su, mutanen birni, 'yan kasuwa da ma'aikata, su ne masu saye. Magina masu iya daurin guga sun yi ƙaranci, 'ya'yansu da dama sun koma aikin bulo.

A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya. Abin da aka sanya shi ne hawan da al'adunsa. Sorayen ƙasa da rumbunan da dawakan ke ratsawa ta gabansu ba sa cikin jerin.