Tarihin Ƙasar Kontagora Bai Fara Daga 1864 Ba

Wani abokin aikinmu, malamin tarihi a nan Kontagora, ya daɗe yana kare ra'ayin cewa koyar da tarihin gida ya kamata ya fara daga Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa masarautar Kontagora. Hujjarsa biyu ce: abin da ya gabaci masarautar jahiliyya ce marar rubutu, kuma tono mutum-mutumin yumɓu a jera shi a gidan tarihi ɗaukaka gumaka ne. Ina girmama malam, amma a ganina hujjojin nan ba su ɗauki nauyin da ya ɗora musu ba.

Kafuwar masarautar sananniya ce: sarautar Sarkin Sudan a 1859, kafa garin a 1864, shigowar Turawa a 1901 (Hogben da Kirk-Greene, 1966). Gardamar tana kan ƙasar da Nagwamatse ya tarar. Lokacin da ake gina madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968 bayan an tayar da mutum sama da 40,000, masana kimiyyar tono sun yi tsere da ruwa. A. J. Priddy ya yi aiki kusa da Yelwa, David Breternitz kuma ya tona tudun Baha. Gwajin shekaru ya sanya zaman Yelwa wajen ƙarni na 2 zuwa na 7 Miladiyya, da tukwanensa da ƙarafansa da ƙananan siffofin yumɓu. Yelwa tana Jihar Kebbi a yau, amma a farkon mulkin Turawa cikin Lardin Kontagora take. Wato fiye da shekara 1,000 kafin a haifi Nagwamatse akwai masu ginin tukwane da masu amfani da ƙarfe a bakin kogin Kwara. Manomin da garmarsa ke tono tsingaro da kashin maƙera a tsohon kufai ya san da haka ko ba a gaya masa ba.

Hujja ta farko ba ta da wuyar amsa, domin rashin rubutu shi ne ainihin dalilin tono. Ta biyun ce ke bukatar natsuwa, don daga kishin addini ta fito, ba daga jahilci ba. Malam yana cewa abin da aka adana a cikin gilashi, aka haska masa fitila, an girmama shi. To, mu duba al'ummar Musulmi da ta fuskanci wannan tambaya a siffa mafi tsanani. A Jihar Kedah ta Malesiya, a Kwarin Bujang, an gano kufan wuraren bautar Hindu da Buddha fiye da 50, waɗanda Malayawa ke kira candi. Can babu tababa a kan cewa wuraren bauta ne. Duk da haka gwamnati ta gina musu gidan tarihi a Merbok, kuma da wani kamfanin gina gidaje ya rushe candi mai lamba 11 a 2013, an yi ca a kansa a faɗin ƙasar, har da Musulmi masana tarihi. Ban ga alamar cewa gidan tarihin Merbok ya rage wa masallatan Kedah sahu ba.

Malam zai ce kuɗin 'yan yawon buɗe ido ne ya rufe musu baki, kuma aikin wasu ba dalili ba ne a shari'a. Na yarda da rabin maganar, shi ya sa na fi dogara da misali daga cikin gida. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, baffan Nagwamatse kansa, ya buɗe Infaƙul Maisuri da bayanin ƙasashen nan da asalin mutanensu tun kafin jihadi, har da Yawuri. Marubucin Tarihin Kano kuma, Musulmi ne mai rubutu da Larabci, da Barbushe da Tsumburbura ya soma. Idan ambaton magabata maguzawa tabarruki ne da su, to malam da waɗannan yake jayayya, ba da ni ba.

Sai dai dole in taƙaita da'awata zuwa iyakar abin da shaida ta kai. Siffofin Yelwa ba candi ba ne, kuma babu rubutu a jikinsu da ya ce an bauta musu. Mai kiran su gumaka ya wuce shaida, kamar yadda mai cewa kakannin Kambari ko na Hausawa ne suka gina su ya wuce ta. Tsingaro ba ya faɗin harshen wanda ya gina tukunyar. Abin da za a iya tsayawa a kai kaɗan ne, amma ya isa: ƙasar nan tana da mazauna masu sana'a tun ƙarnonin farko na Miladiyya, kuma yawancin wuraren da za su ƙara mana bayani a bakin kogin suna ƙarƙashin tafkin Kainji yanzu.

Waɗanda suka rage a tudu, noma da masu haƙar zinariya na cinye su. Ina roƙon sashen tarihi na makarantar horar da malamai ta tarayya da ke Kontagora, tare da fadar Sarkin Sudan da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, su fara da ƙidayar kufai gunduma-gunduma, a rubuta sunan kowanne da inda yake, kafin a yi maganar tono.