Malamin da ke Rubuta Takardar Shaida a Ƙasar Rogo

A Maraɗi, inda dokar ƙasa ta gaji tsarin Faransa, cinikin gida mai takardar gwamnati kan bi ta hannun notari, masanin doka da hukuma ta naɗa, wanda hatiminsa ke mayar da takarda hujja a gaban kotu. A Rogo da Ƙaraye ba a saba da irin wannan ofis ba, shi ya sa wasu ke ɗauka ƙasar ba ta taɓa sanin sana'ar ba. Ta san ta sarai. Sai dai ƙarfin mai yin ta daga karatunsa ya fito, da kuma adalcin da jama'a suka shaide shi da shi.

Tushen aikin yana cikin aya ta 282 a Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta yi umarni da rubuta bashi ta hannun marubuci mai adalci, da kafa shaidu. Wanda zai ɗauki wannan nauyi yakan fara daga makarantar allo, ya wuce karatun zaure, ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, sannan Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Andalus da ya rasu a 1426, littafin da alƙalan Arewa suka daɗe suna hukunci da shi. A nan yake sanin sharuɗɗan ciniki, da bambancin jingina da aro da kyauta, da lissafin rabon gado. Sauran kuma sai a gefen alƙali, inda yake zama magatakarda ko muhuti shekara da shekaru, yana jin yadda kalma ɗaya da aka bari ba a fayyace ba ke raba 'yan'uwa. Wasunsu daga nan suke zama alƙalai.

Zuwan Turawa Kano a 1903 bai rushe wannan hanya ba, ya dai shigar da ita cikin albashin En'e, ya kuma tilasta ajiye littafin kotu. Bayanan shari'o'in majalisar Sarki Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, da Larabci aka rubuta su, kuma rigimar gona da gado ta yawaita a cikinsu. An buɗe makarantar shari'a ta Shahuci a 1928, sai makarantar horar da alƙalai ta Kano a 1934, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Tun daga lokacin takardar makaranta ta fara shiga gaban shaidar malamin zaure.

Za a iya cewa kwatanta wannan marubuci da notari bai yi ba, domin a fiƙihun Malikiyya bakin shaidu adalai ne hujja, takarda mai tunatarwa ce kawai. Gaskiya ne, amma wannan ƙara wa marubucin nauyi ya yi: shi ke tantance wanda ya isa shaida, ya tabbatar mai sayarwa ya mallaki abin da yake sayarwa, ya ambaci maƙwabtan gona gabas da yamma, kudu da arewa. Shaidu suna mutuwa, magada kuwa suna ƙaruwa, sai rubutun ya zama abin da ake komawa gare shi. Za a kuma ce wasu magatakarda sun bi son ran masu mulki. Sun bi, kuma irin wannan ƙorafi na cikin abin da ya sa aka ƙwace kotuna daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960.

Abin da ke damuna shi ne gyaran ya tsaya a kotu, bai kula da marubucin ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallakar gonakin karkara, amma manomin Rogo yawanci takardar ciniki yake riƙewa, mai sa hannun mai unguwa ko dagaci, wadda duk wanda ya iya boko zai iya rubutawa. Notari na Najeriya kuwa lauya ne da Alƙalin Alƙalan ƙasa ke naɗawa, kuma galibinsu a birane suke. Masarautar Ƙaraye, da aka sake kafawa a 2024 kan Ƙaraye da Rogo, tana da hakimai da dagatai da malamai isassu da za ta horar da marubuci masanin gado da ciniki a kowace gunduma, ta kuma ajiye kwafin duk takardar da ya rubuta.