Jarka: Tarihinta daga Fagen Yaƙi zuwa Gonakin Kura da Bunkure

Jarka mazubi ce ta ƙarfe ko ta roba mai cin lita 20 zuwa 25, wadda ake zuba wa fetur, kananzir, ruwa ko man girki. Asalinta kayan soja ce, amma yau da wuya a shiga gonar rani a ƙasar Kano ba a gan ta a gefen injin ban-ruwa ba.

Kafin jarka

Kafin zuwan jarka, mazubin da aka saba da shi a ƙasar Hausa shi ne garwa, wato gwangwanin kananzir mai cin galan 4, kimanin lita 18, wanda kamfanonin Turawa suka riƙa shigowa da shi a zamanin mulkin mallaka. In kananzir ya ƙare sai a yanke bakinta, 'yan ga-ruwa su rataya biyu a sanda. Da irin wannan gwangwani sojojin Ingila suka shiga Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ya ba su kunya: ƙarfensa ba kauri, yana tsagewa a hanyar hamada, mai yana tsiyayewa.

Ƙirar Jamus

An yi saɓani kan shekarar da aka ƙera jarka. Wasu marubuta na cewa 1939, saboda a shekarar ce Jamus ta shiga yaƙi da tarin jarkoki a rumbunanta. Abin da ya fi inganci shi ne 1937, lokacin da kamfanin Müller da ke garin Schwelm, ƙarƙashin babban injiniyansa Vinzenz Grünvogel, ya fito da samfurin da rundunar Jamus ta karɓa.

Kowane sashe nata da dalilinsa. Falle biyu na ƙarfe aka haɗa da walda, shi ya sa ba ta yoyo. Mariƙi uku ne a samanta: mutum ɗaya ya kama na tsakiya, mutum biyu su kama na gefe, soja guda kuma ya iya ɗaukar biyu cike ko huɗu fanko. Kwarmin da aka matsa a jikinta yana ƙara mata ƙarfi, yana kuma ba ta damar kumbura in rana ta yi zafi. An bar wa iska wuri a sama don ta yi iyo in ta faɗa ruwa. Murfinta na ɗanawa ne, ba ya neman sifana, bakinta kuma ba ya neman mazurari.

Yadda ta kai hannun abokan gaban Jamus ma riwaya biyu ce. Amurkawa na danganta abin ga injiniya Paul Pleiss, wanda ya fita da jarkoki daga Jamus a 1939 a wata tafiyar mota zuwa Indiya. Turawan Ingila kuwa a fagen fama suka san ta, a Norway a 1940, sannan a Arewacin Afirka, inda sojojinsu suka riƙa kwashe ta a ganima. Riwayoyin ba su ci karo ba, kuma daga baya aka kama ƙera ta da miliyoyi. Da yaƙi ya ƙare a 1945, rarar ta bazu a kasuwannin duniya tare da sauran kayan soja. Ta roba ta zo daga baya. A 1970 Eero Rislakki na ƙasar Finland ya zana wani samfuri nata.

A Kura da Bunkure

Da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a mulkin Gwamna Audu Bako, ruwa ya riƙa gangarowa da kansa ta kanal zuwa gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin shirin ban-ruwa na Kogin Kano da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi. Mai gona a bakin kanal bai cika bukatar fetur ba. Wanda gonarsa ke kan tudu ko a ƙarshen layi shi ne abokin jarka. Daga shekarun 1980, da hukumar aikin gona ta KNARDA sannan shirin Fadama suka yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa, jigo ya ja baya, manomin tumatir da albasa da alkama ya koma ɗaura jarkar fetur a bayan babur, daga gidan mai ko daga wurin 'yan bumburutu.

Jarkar da ta mamaye yankin ita ce ruwan ɗorawa mai lita 25, wadda ta fara rayuwa da man girki. Ta ƙarfe ta koma hannun direbobin manyan motoci da jami'an tsaro. 'Yan ga-ruwa ma sun ajiye garwa sun jera jarkoki a amalanke.

Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya sa wasu manoma sun mayar da injinansu na gas ko sun koma ga masu aiki da hasken rana. Duk da haka jarka ba ta rasa aiki ba, domin da ita ake kai ruwan haɗa maganin feshi gona. Haɗarinta ma a nan yake: jarkar da ta taɓa cin fetur ko maganin ƙwari ba ta dace da ruwan sha ba, ko sau nawa aka wanke ta.