Tarihin cinikin fata da ƙirgi a Kano

Tun kafin Turawan Ingila su ci Kano a 1903, ayarin raƙuma kan ƙetare Sahara da jemammiyar fata zuwa Tarabulus, ta wuce Turai, inda ake kiranta fatar Maroko.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ce ta juya akalar cinikin zuwa Ikko. Kamfanoni irin su Niger Company da John Holt suka kafa kantuna kusa da tasha, dillalai na tattaro masu fatun awaki da ƙirgi daga ƙauyuka kamar na ƙasar Ungogo.

Sai dai Turawan sun fi son fatar da ba a jeme ba, abin da ya rage wa majema da fataken Larabawa kasuwa.