Baƙi 37 da Dutsen Tozali

Duk lokacin da likitoci suka yi gargaɗi a kan sanya wa jarirai tozali, sai gardama ta kaure a gidajen suna. Kakanni su ce da shi aka raine mu, ga mu nan idanunmu garau. Ta fuskar daɗewa kam babu mai ja da su, domin al'adar ta haura shekara dubu huɗu. Yawancin tozalin dutse ana niƙa shi ne daga ma'adinin da masana ke kira galina, wanda daga gare shi duniya ke samun mafi yawan dalmarta: kusan kashi 87 cikin ɗari na nauyinsa dalma ce, sauran farar wuta. Wanda ya taɓa ɗaga shi a shimfiɗar 'yan koli ya san shi. Ɗan guntu sai nauyin tsiya, don ya ninka nauyin ruwa sau bakwai da rabi, yana ƙyalli toka-toka, in an buge shi ya tsage gida-gida masu kusurwa huɗu, ga shi da taushin da za a iya mayar da shi gari a tsakar gida.

A Beni Hasan, gabas da Kogin Nilu a tsakiyar Masar, akwai kabarin da aka sassaƙa cikin dutse domin wani hakimi mai suna Khnumhotep na Biyu. A bangonsa an zana wani ayari da ya iso a shekara ta shida ta sarautar Fir'auna Senusret na Biyu, wajen 1890 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kallo ɗaya za ka san ba Misirawa ba ne: maza masu gemu, riguna masu ratsi-ratsi kala-kala, mata da yara, jakuna da kaya, wani ma yana tafe yana kaɗa abin kiɗansa mai tsirkiya. Madugunsu, Abisha, ya rusuna yana riƙe da akuyar dutse. A gabansu magatakardan Fir'auna ne, Neferhotep, da takarda a hannu, kuma rubutun ya faɗi adadinsu, mutum 37, ko da yake 15 kawai mai zanen ya samar wa wuri. Ya kuma faɗi abin da ya kawo su, wato baƙin tozali.

Kan wannan zane aka daɗe ana kai ruwa rana. Wasu Turawan ƙarni na 19, da ganin makiyaya daga gabas sun shigo Masar da iyalansu, sai suka ce ai 'yan'uwan Annabi Yusufu (AS) ne. Labarin yana da daɗi a kunne, shi ya sa har yau ba ya mutuwa. Amma bangon bai ambaci yunwa ba, bai ambaci hatsi ba, sunan madugun da adadin mutanen duk ba su yi daidai da ƙissar ba. Wasu masana kuma suka duba wani kaya da ke bisa jakunan suka ce zugazugi ne, saboda haka maƙera ne masu yawo gari-gari. Wannan ma bai gamsar da ni ba, domin tozali niƙa shi ake yi, ba ya buƙatar wuta, kuma rubutun da ya ɗauki wahalar ƙidaya mutane da wuya ya manta da sana'arsu.

Bayanin da ya fi kwanta mini shi ne mafi ƙarancin armashi. Khnumhotep shi ne mai kula da Hamadar Gabas, kuma a can gefen hamadar, bakin Bahar Maliya, akwai tsaunin Jabal al-Zait. Masu tonon tarihi na Faransa, Georges Castel da Georges Soukiassian, sun bincike shi a shekarun 1980, suka tarar da ɗaruruwan ramukan haƙar galina da aka yi ta aiki a cikinsu tun zamanin hakimin nan har zuwa daular su Ramsis, har da wurin bautar gunkiya Hathor wadda mahaƙan ke yi wa laƙabi da uwargijiyar galina. Baƙin nan dai mutanen harkar dutsen ne, ko fatakensa ko mahaƙansa, suka zo gaban jami'in da hanyar ke hannunsa. Zuwansu da mata da yara ya fi nuna zaman aiki suka zo yi.

Me ya sa hukuma za ta ajiye magatakarda saboda kayan kwalliya? A wurin Misirawa magani ne. Maza da mata da yara duk suna sawa saboda ƙyallin rana da ƙudaje, kuma takardar magani ta Ebers, ta wajen 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta sa shi cikin haɗe-haɗen ciwon ido. Masana a Faransa, ƙarƙashin Philippe Walter, sun gwada abin da ya rage a cikin tandayen tozali da ke gidan tarihi na Luba, suka gano wasu sinadaran dalma guda biyu da Misirawa suka haɗa da hannunsu, aikin da ke cin makonni. A 2010 aka nuna cewa ɗigon waɗannan sinadarai yana zaburar da ƙwayoyin fata su fitar da abin da ke taimaka wa garkuwar jiki. Jaridu suka ɗauka da zafi, wai tozalin Fir'auna maganin ido ne. Sai dai a kwanon gwaji aka yi binciken, a kan ƙwayoyin fata, bai kuma auna abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yaron da ya murza ido ya tsotsi yatsa ba. Wani jariri ɗan asalin Nijeriya da aka duba a Boston ta Amurka, aka ba da rahotonsa a 2012, dalmar da ke jininsa daga tozalinsa ta fito, wanda aka tarar kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce.

Bayan Masar, dutsen ya yi wasu ayyukan. Azurfar da ke ɓoye a cikinsa a ramukan Lauriyon na ƙasar Girka ce ta gina wa birnin Atina jiragen ruwan da suka karya rundunar Farisa a Salamis a 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Rumawa suka narka shi suka yi bututun ruwa, rediyoyin farko marasa batir kuma da ɗan guntunsa suke kama murya. A ƙasarmu yana kwance a kwarin Binuwai, daga Zurak ta ƙasar Wase zuwa Arufu da kewayen Abakaliki, kuma mutanen wuraren sun haƙa shi domin tozali tun kafin zuwan Turawa. A Zamfara ya zo ne a cakuɗe da zinariya, ruwa da iska sun riga sun sauya shi zuwa nau'in da ciki ke narkarwa da sauri. Da aka riƙa niƙa duwatsun a cikin gidaje a Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu a annobar gubar dalma da Likitocin Na-Gari-Na-Kowa suka gano a 2010, sannan wasu 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015. Yau fiye da kashi 80 cikin ɗari na dalmar duniya batiran mota da na ajiyar wuta take tafiya.