Daga Filin Daga Zuwa Aji: Sojojin Da Aka Ba Alƙalami

Yau tarihi zai kai mu Amurka, mu ga abin da aka yi wa sojoji bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da yadda abin ya shafi adabi.

Labarin ya faro ne da abin kunya. A shekarar 1932, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, dubban tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Farko suka yi dafifi a birnin Washington, suka kafa bukkoki, suna neman a biya su kuɗin da aka yi musu alkawari. A ranar 28 ga Yuli gwamnati ta tura musu soja ƙarƙashin Janar Douglas MacArthur, aka fatattake su da hayaƙi mai sa hawaye, aka ƙone bukkokin. Da yaƙi na biyu ya zo, Amurkawa kimanin miliyan 16 ne suka sa kaki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shugabanni suka fara tunanin ranar da wannan taro zai dawo gida babu aikin yi.

A ranar 22 ga Yuni, 1944, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a kan dokar da aka fi sani da G.I. Bill. Ta yi tanadin lamunin sayen gida da tallafin rashin aiki, amma ɓangaren da ya fi barin tarihi shi ne na karatu. Gwamnati za ta biya wa tsohon soja kuɗin makaranta har dala 500 a shekara, ta ƙara masa dala 50 duk wata, ko dala 75 idan yana da iyali.

Wasu manyan malamai ba su yi na'am da wannan ba. Robert Hutchins, shugaban Jami'ar Chicago, ya yi fargabar jami'o'i za su zama matattarar marasa aikin yi. James Conant na Harvard ya ji tsoron darajar karatu za ta faɗi. Ba a daɗe ba aka ga akasin haka. A 1947 kusan rabin masu shiga manyan makarantun ƙasar tsofaffin sojoji ne, kuma zuwa 1956 mutum miliyan 2.2 sun yi karatun gaba da sakandare da wannan tallafi. Shi kansa Conant ya dawo yana yaba hankalinsu da himmarsu.

Sai dai biyan kuɗin makaranta bai warware matsalar zama a makarantar ba. Waɗannan ɗalibai da yawansu magidanta ne, da mata da 'ya'ya, ga ɗakunan kwanan jami'a an gina su ne don samari. Jami'ar Wisconsin ta zaunar da wasunsu a gidajen ma'aikatan wata masana'antar albarushi mai nisan fiye da mil 30 daga gari, bas na jigilarsu safe da yamma. Wasu jami'o'in suka jera rumfunan kwano irin na bariki, suka mai da su gidaje da azuzuwa.

Akwai kuma waɗanda suka dawo a kan keken guragu. A 1948 Jami'ar Illinois ta ɗauki wani matashi, Timothy Nugent, shi ma tsohon soja, ta ɗora shi a kan shirin kula da su a reshenta na Galesburg, wanda a da asibitin soja ne. Da gwamnatin jihar ta yanke shawarar rufe reshen a 1949, ɗaliban suka tafi Springfield, babban birnin jihar, a kan kekunansu, suka nuna rashin amincewa. Daga ƙarshe aka mai da shirin babbar harabar jami'ar. Nugent ya sa aka yi gangare a ƙofofin azuzuwa, aka samo motocin da ke ɗaga keke, ya kafa musu ƙungiyar ƙwallon kwando. Binciken da aka yi a can shi ya zama tushen ƙa'idojin gini na 1961 da suka buɗe wa naƙasassu gine-ginen Amurka.

To, ina ruwan marubuci da wannan? Joseph Heller ya yi shawagin kai hari sau 60 a jirgin yaƙi a fagen Italiya. Da wannan tallafi ya yi karatu, ya sami digiri a Jami'ar New York, sannan a 1961 ya fitar da Catch-22. Kurt Vonnegut fursunan yaƙi ne a Dresden lokacin da aka yi wa birnin ruwan bama-bamai a Fabrairun 1945. Da ya dawo ya shiga Jami'ar Chicago, kuma sai a 1969 ya iya fitar da Slaughterhouse-Five. Ku lura da tazarar: shekara 16 ga na farko, 24 ga na biyu. Abin da ido ya gani a yaƙi yana buƙatar lokaci da karatu da abokan tattaunawa kafin ya nuna ya zama littafi.

Amma inuwar ba ta rufe kowa ba. Wani ɗan majalisa daga Mississippi, John Rankin, ya tsaya kai da fata sai an bar aiwatar da dokar a hannun jihohi da jami'an yanki. A kudancin ƙasar jami'o'in farar fata ba sa ɗaukar baƙi, 'yan kwalejojin baƙar fata kuma suka cika maƙil, suka mayar da dubban tsofaffin sojoji gida da takardun tallafinsu a aljihu.

A nan labarin ya taɓo mu. Kakanninmu ma sun yi wannan yaƙi. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun fafata da Japanawa a dazuzzukan Boma, kuma Hausa ce harshen bariki a wajen sojojin Nijeriya. Da suka dawo babu jami'a ko ɗaya a ƙasar, sai a 1948 aka buɗe kwalejin jami'a a Ibadan. A Accra kuwa, a ranar 28 ga Fabrairun wannan shekarar, tsofaffin sojoji suka yi tattaki don kai kukansu ga gwamna, aka harbe uku daga cikinsu. Labarin 'yan Boma ya zauna a waƙoƙin bariki da hirar dare, mafi yawansa ya bi masu shi kabari. A 2007 Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya fitar da Burma Boy daga labaran mahaifinsa, shi ma da Turanci.

Yaƙi ɗaya aka yi, amma waɗanda aka ba kujera a aji su suka rubuta shi, duniya kuma da idonsu take kallonsa har yau. A unguwanninmu yanzu akwai waɗanda suka dawo daga Laberiya da Saliyo da Arewa maso Gabas, akwai matan da aka bari da marayu a bariki, akwai 'ya'yan sojoji da muke zama aji ɗaya da su ba mu taɓa tambayarsu komai ba. Aikin wannan mako: a nemi mutum ɗaya daga cikinsu, a nemi izininsa, a saurare shi da ladabi, a rubuta shafi ɗaya da Hausa. Idan ya ce shi zai rubuta da kansa, a ba shi biro da takarda, a zauna kusa da shi.

Allah ya yi mana jagora. Sai mako mai zuwa.