Damtsen Mace: Daga Turmi Zuwa Ɗaga Ƙarfe

Duk ranar da aka nuno mace a talabijin tana ɗaga ƙarfe, maganar da za ka ji a majalisun unguwar nan ba ta wuce biyu: "Kai, wannan ai ta koma namiji," ko kuma "To wa zai aure ta?" Masu faɗin haka gani suke ra'ayin kaka da kakanni suka riƙe. Amma in aka bi tarihi, ƙyamar mace mai ƙwanji ba ta kai tsufan da ake zato ba.

Kafin injin niƙa ya shigo gari, tuwon dare da damtsen mace ake samar da shi. Ita ce sussuka, ita ce surfe, ita ce niƙa a kan dutse tun asuba, ga jan guga a rijiya mai gaba goma, ga faskare. 'Yan mata har lugude suke yi, a jefa taɓarya sama a tafa a cafe. Uwar miji in ta tashi duba wa ɗanta mata, ba ragguwa take nema ba, domin ragguwa yunwa ce a gida. Wanda ya ƙirƙiro karin maganar nan wai ƙarfin mace yawan magana, da alama bai taɓa tuƙa tuwon biki ba.

To ina aka samo cewa laushin jiki shi ne cikar mace? Wani ɓangare na amsar yana cikin tarihin bauta. Baturen nan M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau wajen 1949 zuwa 1950, lokacin da matarsa Mary take rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo, ya lura da wani abu. A da, bayi mata ne ake gani a gona da dajin itace, matan masu hali suna cikin gida. Da bauta ta kau, sai matan da suka samu 'yanci su ma suka ajiye fartanya suka shiga kulle, don a san su ma 'ya'ya ne. Addini yana da nasa matsayi a zancen kulle, babu musu, amma kantar hannu da murɗaɗɗen damtse sun zama tambarin wahala, taushin tafi kuwa ya zama shaidar miji ya isa. Abin da ake gudu a lokacin shi ne a ce da mace baiwa ko matar talaka. Daga baya ne maganar ta rikiɗe ta koma "ta yi kama da maza".

Ko a nan Sabo, tun kafuwarta a 1916, matan masu gida suna cikin kulle, amma su ke dafa wa fataken shanu da na goro abinci a manyan tukwane, safe da dare. Tsofaffinmu sun san irin damatsan da ke bayan waɗancan labulaye.

Turawa ma ba su fi mu ba a nan. Katie Sandwina, wadda aka haifa a Biyana a 1884, tana ɗaga mijinta sama da kanta, amma a gidan wasan nishaɗi take yi, ana biyan kuɗi a kalle ta kamar abin al'ajabi. Maza suna ɗaga ƙarfe a gasar Olamfik tun 1896. Mata ba su samu gasar duniya tasu ba sai 1987 a Amurka, Olamfik kuwa sai 2000 a Sidni. Fiye da shekara ɗari ke nan ana ce musu ku dakata.

Ana buɗe ƙofar kuwa 'yar Najeriya ta shige. A Sidni, Ruth Ogbeifo ta ɗaga jimillar kilo 245 a ɗagawa biyu, wato kusan buhun shinkafa biyar. Su uku ne suka yi kunnen doki a wannan nauyi, sai aka raba gardama da sikeli: 'yar Kolambiya da ta fi su rashin nauyin jiki ta ɗauki zinare, Ruth ta samu azurfa.

Labarin Mariam Usman ya fi tsaya mini a rai. A Bejin, 2008, ta zo ta biyar, ta dawo gida hannu rabbana. Sai bayan shekara takwas, da aka sake gwada samfuran da aka ajiye, aka gano biyu daga cikin waɗanda suka sha gabanta sun yi amfani da haramtattun ƙwayoyi. Aka ƙwace nasu, tagulla ta dawo hannunta, ba taro ba tafi. A tsakani ta ci zinare a gasar Kwamanwel ta 2014 a Gilasgo. Kuma a nan ne ya kamata masu cewa ƙarfe yana mai da mace namiji su tsaya su duba. Abin da ke kawo wa mace kaurin murya da gemu irin waɗancan ƙwayoyi ne, masu kwaikwayon sinadarin jikin maza. Ƙarfe shi kaɗai ba ya fito da gemu, kamar yadda taɓarya ba ta fito wa kakanninmu da shi ba.

Saura zancen sutura, wanda shi ne ainihin damuwar iyaye da yawa a unguwar nan, kuma damuwa ce mai tushe. Da can dokar wasan ta hana rufe gwiwa da gwiwar hannu, don alƙalai su ga ko hannu ya miƙe. A 2011 wata Musulma 'yar asalin Pakistan mazauniyar Amurka, Kulsoom Abdullah, ta kai kuka, hukumar wasan ta duniya ta yarda a sa kaya mai rufe jiki gaba ɗaya. Bayan shekara biyar, a Riyo, Sara Ahmed ta Masar ta hau dandali kanta a rufe, hannu da ƙafa a rufe, tana da shekara 18, ta ci tagulla. A Faris, 2024, ta koma ta ɗauko azurfa.